Biyan wata-wata ta hanyar blokcen: makullin rumbu a hannun wa?

Idan wata ya kai ashirin da biyar, lissafi iri ɗaya ne ke hana mutanen Madarumfa barci, ko mai albashi ne ko mai tebur a kasuwa. Malamin lakwal yana jiran albashi ya sauka a banki can Maraɗi, alhali tun kafin ya sauka an riga an gama rabonsa: hayar gida, kuɗin wutar NIGELEC, abin da banki zai cire na bashin da aka ci lokacin babbar salla, da ɗan abin da ake aika wa tsofaffi a ƙauye. Ɗan kasuwa shi ma da nasa: hayar shago, zubin adashe, da kuɗin kayan da ya ɗauko a Jibiya ko Katsina bisa alƙawarin zai riƙa biya kashi-kashi. Dukkan waɗannan biya ne mai dawowa, mai rana sananniya da adadi sananne, kuma mutuncin mutum a gari yana rataye da cika su.

To, a ƴan shekarun nan wata sabuwar magana ta shigo kunnen masu irin wannan lissafi, ta bakin samari da ta cikin rubuce-rubucen da ke yawo a wayoyin salula. Ana cewa akwai wata hanya, mai suna blokcen, wadda mutum zai sa hannu sau ɗaya kawai, daga nan kuɗi su riƙa tafiya da kansu duk wata zuwa ga mai haƙƙi, babu layin banki, babu takarda, babu ruwansu da iyakar Ɗan Isa. Maganar tana da daɗin ji, kuma ba dukkanta ce ƙarya ba. Amma akwai tambaya guda da masu tallar ba su cika tsayawa a kanta ba, ita ce kuma wannan fili zai duba a wannan mako: idan kuɗi za su fita daga aljihun mutum ba tare da ya miƙa hannu ba, wa aka ba makullin, kuma ina iyakar abin da zai iya ɗiba?

Dalilin da ya sa ake sauraro

Ba banza ba ne mutanen wannan yanki suke karkata kunne ga duk wanda ya ce zai raba su da banki. Manya suna tune da shekarar 1990, lokacin da bankin BDRN ya durƙushe, masu ajiya suka daɗe suna safa da marwa a kan dukiyarsu. Ma'aikatan gwamnati suna tune da shekarun da suka biyo baya, lokacin da albashi kan yi watanni bai zo ba, har mai gidan haya da mai shagon unguwa suka zama su ne ke riƙe da iyalan ma'aikata. A watan Janairu 1994 aka wayi gari an karya darajar CFA da rabi, wanda ya kwana da jikka ɗari ya tashi da ƙarfin jikka hamsin a gaban kayan waje. A farkon 2023 canjin takardun Naira ya sa tsabar kuɗi ta ɓace a kasuwannin Nijeriya, cinikin bakin iyaka ya tsaya cik. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuma, takunkumin CEDEAO ya rufe iyaka, aika kuɗi ya zama aiki, ba a buɗe hanyar Katsina ba sai a watan Maris 2024. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai dai wani lokacin gudun tsumma kan kai mutum ramin da macijin yake da gaske.

Mene ne blokcen

Mutumin jihar Maraɗi ba ya buƙatar zuwa nesa kafin ya fahimci wannan abu, domin misalinsa mafi kusa a nan gida aka ƙirƙiro shi. A shekarar 1991 ƙungiyar CARE ta soma aikin Mata Masu Dubara a ƙauyukan wannan jiha, tsarin da daga baya ya bazu ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Mata su haɗu mako-mako, kowace ta zuba abin da aka ƙayyade a cikin asusu, a gaban idon kowa. Asusun yana da kwaɗo uku, mabuɗansu a hannun mata uku dabam-dabam. Da yake yawancinsu ba su yi karatun boko ba, littafin lissafin a cikin kawunansu yake: kowace ta ga abin da aka zuba, ta ji wadda aka ba bashi da ranar da za ta mayar. Mace ɗaya ba ta isa ta canza lissafi ba, domin sauran duka shaidu ne.

Blokcen haka yake, sai dai shaidun na'urori ne masu ƙwaƙwalwa, dubbai, warwatse a duniya, kowace tana riƙe da kwafin kundi guda. Duk kuɗin da ya tashi daga wani zuwa wani sai an rubuta shi a sabon shafi, a ɗaure shafin da wanda ya gabace shi kamar zoben sarƙa, ta yadda ba a iya goge tsohon rubutu ba tare da sauran sun gane ba. Na farko shi ne Bitcoin, wanda ya soma aiki a Janairu 2009. A 2015 aka buɗe Ethereum, wanda ya zo da ƙari: ban da rubuta wane ya biya wane, ana iya ajiye sharuɗɗan yarjejeniya a cikin kundin, na'urorin su zartar da su daidai yadda aka rubuta. A wannan tsari ba a san mutum da sunansa ko na mahaifinsa ba. Abin da aka sani shi ne mabuɗin sirri da ke cikin lalitar wayarsa. Mai mabuɗi shi ne mai kuɗi, ko da kuwa satar mabuɗin ya yi.

Inda gizo ke saƙa

Abin lura a nan shi ne, blokcen an gina shi ne domin mai kuɗi ya tura, ba domin mai bin bashi ya janyo ba. Banki yana iya cire bashinsa daga albashin ma'aikaci duk wata saboda albashin a hannun bankin yake, kuma ma'aikacin ya sa hannu a takardar da doka ta sani. A blokcen kuwa kuɗin a hannun mai mabuɗi suke, ba sa motsi sai ya sa hannu da mabuɗinsa. Bugu da ƙari, yarjejeniyar da aka ajiye a kundin ba ta da zakaran da zai tashe ta ranar ɗaya ga wata. Tana nan kwance har sai wani ya zo ya ƙwanƙwasa mata, kuma mai ƙwanƙwasawa sai ya biya ladan na'urorin da za su yi aikin. Ashe ke nan kuɗin ba da kansu suke tafiya ba. Kullum akwai wani mutum ko wani kamfani da aka ba izini ya zo ya ɗiba.

Wannan izini shi ne dukkan maganar, kuma a kansa ne masana suka shafe shekaru suna neman ƙa'ida guda da kowa zai bi. Ɗan kasuwar hatsi ya san amfanin ƙa'ida: idan tiyar Gabi ta bambanta da ta Safo, ta Safo ta bambanta da ta Jiratawa, ciniki zai koma gardama. Haka masu ƙera lalitar waya da masu karɓar kuɗi suke buƙatar tiya ɗaya, domin izinin da aka bayar a nan a fahimce shi a can.

Ƙa'idar da ta fi yaɗuwa ita ce mai lamba ERC-20, wadda aka gabatar a ƙarshen 2015. A cikinta mai kuɗi yana iya cewa: na yarje wa wane ya ɗibi har adadi kaza daga lalitata. Daga nan wanen ya riƙa ɗiba ba tare da an sake tambayar mai kuɗin ba. Sai dai wannan ƙa'ida ta san adadi, ba ta san lokaci ba. A ɗauki misalin ma'aikacin da ke biyan haya jikka ashirin duk wata, ya ba mai gida izinin jikka ɗari biyu da arba'in na shekara guda. Babu abin da zai hana mai gidan ya kwashe su duka a daren farko, matuƙar suna cikin lalitar. Mafi muni, domin gudun sake biyan lada kowane lokaci, kamfanoni da yawa sun saba neman izinin da ba shi da iyaka, mutane kuma su danna amincewa ba tare da sun karanta ba. Irin wannan izini ba ya mutuwa da kansa, yana nan har sai mai shi ya koma ya soke shi, ya kuma biya ladan sokewar. A watan Disamba 2021 ɓarayi suka kutsa shafin wani kamfani mai suna BadgerDAO, suka sa masu hulɗa da shi suna ba da irin wannan izini bisa zaton aikin yau da kullum suke yi, aka kwashe dukiyar da ta kai kimanin dalar Amurka miliyan 120. Ba a fasa kundin ba, ba a karya kwaɗo ba. Masu dukiyar ne da hannunsu suka ba kura ajiyar nama.

A 2018 wasu masana suka gabatar da wata ƙa'ida ta musamman domin biyan wata-wata, mai lamba 1337. Dabararta ita ce mai biya ya sa hannu sau ɗaya a kan takarda mai faɗin sunan mai karɓa, adadin kowane zubi, da tsawon lokacin da ke tsakanin zubi da zubi. Duk lokacin da wa'adi ya cika, mai karɓa ya kawo takardar, yarjejeniyar ta duba ko lokaci ya yi, sannan ta sake masa rabonsa, kuma mai biya yana da ikon dakatarwa ko sokewa. Tunani ne mai kyau, amma bai samu karɓuwa ba, har aka ajiye shi a jerin shawarwarin da suka tsaya. Wasu kuma suka bi wata hanya, irin ta kamfanin Sablier tun daga 2019: a zuba kuɗin duka tun farko a cikin yarjejeniya, su riƙa ɗiga zuwa ga mai karɓa daƙiƙa bayan daƙiƙa, kamar ruwan da ake saki a gonakin Jiratawa. Wannan ya dace da mai wadata da ke biyan ma'aikatansa, amma wanda ke jiran ƙarshen wata ina ya ga kuɗin shekara da zai ɗaure tun yau?

A watan Disamba 2022 kamfanin Visa, wanda katinsa ke aljihun miliyoyin mutane, ya wallafa binciken da ya nuna cewa lalitar da mutum ke riƙe da mabuɗinta da kansa ba ta iya biyan wata-wata sai an sauya mata fasali, ta zama tana ɗauke da dokokinta a ciki. A watan Maris 2023 ƙa'idar ERC-4337 ta soma aiki, wadda ta ba da damar irin wannan lalita: mai ita ya rubuta cewa wane zai iya ɗibar kaza, sau ɗaya a wata, har zuwa rana kaza. A watan Mayu 2025 aka yi wa Ethereum gyaran da ya ba tsofaffin lalitoci damar aron irin waɗannan dokoki, ɓarayi ma ba su yi jinkiri ba wurin gwada sabuwar ƙofar a kan waɗanda mabuɗansu suka riga suka faɗa hannunsu. A taƙaice, an samu ci gaba na gaske, amma tiya ɗaya ba ta samu ba tukuna. Kowane kamfani da tasa, kuma izinin da mutum ya bayar a wata lalita ba lalle ne ya gan shi a wata ba.

Abin da na'ura ba ta warware ba

Ko da an wayi gari masana sun daidaita a kan ƙa'ida guda, akwai abubuwa huɗu da za su ci gaba da shafar mutumin Madarumfa.

Na farko shi ne darajar kuɗin da ake biya da su. Alƙawarin wata-wata yana son kuɗi mai tsayawa wuri ɗaya. Bitcoin ɗaya ya kusa dalar Amurka 69.000 a Nuwamba 2021, shekara guda bayan haka ya faɗo ƙasa da 17.000. Babu mai gidan haya da zai yarda da irin wannan awo. Domin haka masu ciniki suka fi karkata ga kuɗin da aka ɗaure da dalar Amurka, musamman USDT na kamfanin Tether. Amma a nan an dawo inda aka gudo: darajarsa tana rataye da alƙawarin kamfani cewa yana da ajiyar da ta kai, kuma kamfanin yana da ikon daskarar da kuɗin kowace lalita, ya sha yin hakan bisa buƙatar hukumomi. Wani irinsa mai suna UST, wanda shi ma aka ce daidai yake da dala, ya rushe cikin ƴan kwanaki a watan Mayu 2022. Sannan ma'aikacin Nijar da CFA ake biyansa, CFA kuma da Yuro aka ɗaure shi, Yuro ɗaya a kan 655,957 tun 1999. Duk wanda ya yi alƙawari da dala, ya ɗauki nauyin hawa da saukarta a wuyansa, ga kuma la'adar ɗan canji a shiga da fita.

Na biyu shi ne ranar da lalita ta zama wayam. Ma'aikacin da ya ga shekarun bashin albashi ya san cewa abin da ya rufa masa asiri a lokacin shi ne mai gidan da ya ce a bari sai an biya ku, da uwar adashen da ta musanya masa kwasa da wani. Yarjejeniyar na'ura ba ta san rasuwa ba, ba ta san fari ba, ba ta san an rufe iyaka ba. Idan babu kuɗi, biya ya faɗi, idan kuma an rubuta tara ko an ajiye jingina, za ta zartar ba tare da jin uzuri ba. Idan kuwa kuɗi suka shigo, mai izini yana iya riga kuɗin magani da na cefane ɗiba.

Na uku shi ne kuskure. Wanda ya aika kuɗi ta Nita ko Al Izza ya yi kuskuren suna, yana da ofishin da zai koma da takardar shaida a hannu. Wanda banki ya cire wa fiye da ƙima yana da wurin kai kuka, har gaban alƙali. A blokcen abin da aka rubuta ya rubutu. Idan aka tura zuwa lambar da ba ta mai karɓa ba, kuɗi sun tafi inda ba mai dawo da su. Wanda ya ɓatar da kalmomin sirrin lalitarsa ya yi asarar abin da ke ciki, idan kuma ya rasu bai faɗa wa kowa ba, magada sai dai su kalli waya.

Na huɗu shi ne doka. A ƙasashen UEMOA, har da Nijar, kuɗin da doka ta wajabta karɓa shi ne CFA na bankin BCEAO, babu wanda za a tilasta wa karɓar wani abu dabam. A Nijeriya kuwa, inda yawancin abokan cinikin wannan yanki suke, iska ta sha juyawa: a Fabrairu 2021 babban bankin ƙasar ya hana bankuna hulɗa da masu cinikin waɗannan kuɗi, a Disamba 2023 ya janye hanin, a Maris 2024 kuma kamfanin Binance, mafi girma a wannan sana'a, ya daina hulɗa da Naira bayan saɓaninsa da hukumomin Abuja. Alƙawarin shekara biyu da aka gina a kan irin wannan ƙasa yana buƙatar a san abin da za a yi ranar da ta motsa.

Wa ya rubuta abin da ake karantawa

Akwai kuma wani al'amari da ya kamata mai karatu ya sani game da rubuce-rubucen da ke kawo masa wannan labari. Tun da aka fito da ChatGPT a ƙarshen Nuwamba 2022, na'ura tana iya rubuta dogon bayani a kan kowane batu cikin ɗan lokaci, da Faransanci, da Ingilishi, har da Hausa. Masu neman jawo jama'a zuwa ga hajarsu sun gane wannan araha, suna sa na'ura ta zubo bayani bayan bayani, babu wanda ya karanta kafin a saki. Irin wannan rubutu yana da santsi, yana da lambobi da sunaye masu burgewa, amma na'urar jera kalmomi take yi bisa abin da ta saba gani. Ba ta taɓa biyan haya ba, ba ta kuma da abin da za ta yi asara idan ta yi kuskure.

Misalin da duniya ta gani shi ne na CNET, wata sananniyar kafar labaran fasaha a Amurka. A Janairu 2023 aka gano cewa ta wallafa bayanai 77 a kan sha'anin kuɗi waɗanda na'ura ta rubuta, daga bisani ta yi gyara a 41 daga cikinsu. A ɗaya daga ciki an rubuta cewa wanda ya ajiye dala 10.000 a kan kashi 3 cikin ɗari zai ci ribar dala 10.300 a shekara, alhali ribar 300 ce, sauran uwar kuɗinsa ce. Idan haka ta faru a gidan da ke da editoci, ina ga rubutun da ba shi da uba? A kan batun biyan wata-wata, kuskuren da ya fi sauƙin aukuwa shi ne a ɗauki shawarar da aka gabatar aka ajiye, kamar 1337, a bayyana ta tamkar hanyar da kowa ke bi yau. Lambar ƙa'ida ba shaidar aiki ba ce, ba kuma hatimin gwamnati ba ce. Kowa yana iya gabatar da shawara a ba ta lamba.

Haɗarin ya fi girma idan a ƙarshen bayanin aka ce danna nan ka haɗa lalitarka. A wannan dannawa ce ake karɓar izinin da aka yi bayani a sama. Mutanen Nijeriya ba su manta da MMM ba, wanda ya yi alƙawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, ya rufe asusun jama'a a Disamba 2016, ga kuma CBEX da ya nutse da dukiyar mutane a Afrilu 2025. Duk wanda ya haɗa maganar biyan wata-wata da maganar riba mai tabbas, ya fita daga batun fasaha, ya shiga cinikin biri a sama.

Kafin a sa hannu

Wannan ba ya nufin hanyar ba ta da amfani. Ɗan kasuwar da ke da abokin ciniki a Kano ko Kwatano, wanda suka daɗe da sanin juna, yana iya samun sauƙi da sauri a cikinta, musamman ranar da sauran hanyoyi suka toshe. Amma wanda zai ba da izinin a riƙa ɗiba daga lalitarsa, ya dace ya nemi amsar tambayoyi shida tukuna, da idonsa a fuskar waya, ba daga bakin mai talla ba. Wa ake ba izinin, kuma an san ƙofar gidansa? Nawa ne iyakar abin da zai ɗiba a zubi guda? Kwana nawa ne tsakanin zubi da zubi, kuma yarjejeniyar ce ke tsare wannan wa'adi ko kuwa alƙawarin baki ne? Wace rana izinin zai mutu? Ta yaya ake soke shi, kuma an gwada sokewar da ɗan abu kaɗan an ga ta yi aiki? Idan aka samu saɓani, gaban wa za a je? Wurin da aka ga an rubuta babu iyaka, ko aka tarar da jerin lambobi marar ƙarshe a gurbin adadi, a janye hannu. Mai hankali kuma ba ya ba da izini a kan lalitar da jarinsa yake ciki. Yakan buɗe wata ƙarama, ya riƙa zuba mata abin wata ɗaya kawai, kamar yadda maigida ke auno wa gida hatsin mako ya bar rumbu a rufe.

Matan da suka soma asusu a ƙauyukan Maraɗi a 1991 ba su san Ethereum ba, amma tambayoyin nan duka sun amsa su tun a zaman farko. Sun ƙayyade zubi, sun ƙayyade rana, sun sa ranar da za a fasa asusu kowa ta karɓi rabonta, sun raba mabuɗi uku a hannu uku, sun kuma bar wa taro ikon sauraron wadda ta zo da uzuri. Masanan blokcen sun kusa cim ma huɗu na farko bayan shekara goma suna aiki. Na biyar kuwa, wato mai sauraron uzuri, ba ya cikin kundin. Malamin lakwal da ɗan kasuwar Madarumfa su tuna da wannan kafin ƙarshen wata ya zo, domin in kunne ya ji, jiki ya tsira.